Na biya kuɗin hoto, to wa ke da haƙƙin mallakarsa?

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wata mai ƙaramin kamfani. Ta ɗauki wani mai hoto mai zaman kansa jinga, ya ɗaukar mata hotunan kayan da take sayarwa da kuma hoton ita kanta, ta biya shi cif-cif, ya turo mata gyararrun hotuna guda talatin. Bayan wata shida ta so ta sa ɗaya a babban allon talla, ta kuma ba wata mujalla wani, sai ya ce sai ta ƙara kuɗi. Ta nemi ɗanyun fayilolin da bai gyara ba, ya hana. Ana cikin haka kuma ta ga hotonta a shafinsa na Instagram yana tallar aikinsa da shi. Babu wata takarda a tsakaninsu sai rasit. Tana tambaya: tun da ita ta biya, ba ita ke da hotunan ba?

Malama, amsar da zan fara ba ki ba za ta yi miki daɗi ba. A yawancin ƙasashen duniya, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai haƙƙin mallakarsa tun daga lokacin da ya danna kyamara, kuma biyan kuɗin aiki shi kaɗai ba ya mayar da wannan haƙƙi hannun wanda ya biya. Abin da kuɗinki ya saya shi ne lokacin mai hoton da gwanintarsa, da kwafin hotunan da ya turo miki, da izinin amfani da su a kan abin da kuka yi magana. Haƙƙin mallaka kuwa, wato ikon cewa a kwafa ko kada a kwafa, a wallafa ko kada a wallafa, a sayar wa wani ko a hana, yana nan a hannunsa har sai ya sallama shi a rubuce. Akwai ƙasashen da dokarsu ta saɓa wa wannan, zan zo kansu, amma kada ki gina lissafinki a kan cewa kina cikinsu kafin ki tabbatar.

Ruɗanin da na fi gani a wannan sana'a yana zuwa ne daga haɗa abubuwa uku da doka ta raba. Akwai kwafin hoton, na takarda ne ko fayil a waya, wannan naki ne, kina iya rataye shi a bango ko ki goge shi. Akwai haƙƙin mallaka, wanda dukiya ce mai zaman kanta da ba a taɓa ta da hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta faɗi haka ƙarara a sashe na 202, cewa mallakar abin da aikin yake cikinsa daban, mallakar haƙƙin aikin daban, kuma sayar da na farko ba ya ɗaukar na biyu. Sannan akwai fuskarki da ke cikin hoton, wadda wasu dokoki ne na dabam suke kare ta. Duk tambayoyinki uku sun faɗa ne a ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa amsoshinsu ba za su zama iri ɗaya ba.

Dalilin da ya sa doka ta fifita mai kyamara tsoho ne. A 1882 wani mai hoto a New York, Napoleon Sarony, ya ɗauki hoton marubucin nan Oscar Wilde, sai wani kamfanin ɗab'i mai suna Burrow-Giles ya buga dubban kwafi ba da izininsa ba, yana kafa hujja da cewa hoto aikin na'ura ne kawai, babu ƙirƙirar ɗan Adam a ciki. A 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi wannan hujja. Ta ce Sarony ne ya zaunar da mutumin yadda yake so, ya zaɓi tufafi da labule, ya tsara haske da inuwa, ya jira yanayin fuskar da yake nema, saboda haka shi ne mawallafin hoton. Tun daga nan tunanin bai sauya ba sosai. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma yanzu ƙasashe sama da 180 suke cikinta, ta ƙara da cewa kariyar tana samuwa ne kai tsaye, ba sai an yi rajista ko an sa wata alama a jikin aikin ba. Don haka rashin tambarin mai hoton a kan hotunanki bai rage masa komai ba.

Babbar togaciyar da ake yi wa wannan ƙa'ida ita ce ta ma'aikaci. A Amurka da Birtaniya, idan mai hoto ma'aikacin jarida ne ko na kamfani, yana karɓar albashi, kuma ɗaukar hoton yana cikin aikin da aka ɗauke shi dominsa, to haƙƙin na mai gidansa ne tun farko. Sai dai kalmar ma'aikaci a nan tana da ma'ana taƙaitacciya, kuma biyan mutum kuɗin aiki na yini ɗaya bai sa ya zama ma'aikacinki ba. Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace wannan a 1989 a shari'ar wata ƙungiyar taimakon marasa matsuguni da wani masassaƙi mai suna James Earl Reid, wanda ƙungiyar ta biya ya sassaƙa mata mutum-mutumi. Kotun ta ce a duba wa ke da kayan aikin, a ina aka yi aikin, tsawon wane lokaci dangantakar ta ɗauka, yaya ake biya, wa ke biyan haraji, kuma ko mai biyan yana da ikon ɗora masa wani sabon aiki. Da aka auna, sai aka ga Reid ɗan kwangila ne. Ki auna mai hotonki da wannan ma'auni: ya zo da kyamararsa da fitilunsa, ya yi aikin yini guda, ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, washegari yana wurin wani. Babu kotun da za ta kira shi ma'aikacinki.

Dokar Amurka ta bar wata ƙofa, inda aikin ɗan kwangila zai iya zama na wanda ya ba shi aikin tun daga tushe, amma ƙofar ƙarama ce. Dole aikin ya faɗa cikin nau'o'i tara da doka ta lissafa, kamar gudummawa ga mujalla ko kundi, ko wani ɓangare na fim, ko littafin koyarwa, kuma dole a sami takarda da duka ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. Hoton bikin aure da hoton kayan talla yawanci ba sa cikin taran nan, shi ya sa lauyoyi masu hattara suke ƙara wani saɗari a kwangila da ke cewa idan wannan hanya ba ta yi aiki ba, to mai hoton ya sallama haƙƙinsa gaba ɗaya. A Faransa ma ko ma'aikaci mai albashi ba ya rasa haƙƙinsa don kawai yana aiki a ƙarƙashin wani, sai an rubuta. A Jamus kuwa haƙƙin mawallafi ba ya sayuwa kwata-kwata, sai dai a gada, abin da ake iya saya shi ne izinin amfani, komai faɗinsa.

Ga ƙasashen da na ce sun saɓa. A Indiya, dokar 1957 ta ce idan aka ɗauki hoto bisa buƙatar wani kuma ya biya, shi ne mai haƙƙin farko, sai in an yi yarjejeniya akasin haka. A Ostareliya an raba abin biyu tun daga 1998: hoton da aka ba da aikinsa don amfanin gida, kamar na aure ko na iyali, na wanda ya biya ne, na kasuwanci kuma na mai ɗauka ne. Birtaniya da Kanada duk sun taɓa bin tsarin wanda ya biya shi ke da hoto, amma Birtaniya ta sauya da dokar 1988 wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1989, Kanada kuma ta bi sahu a Nuwamban 2012. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta sa haƙƙin farko a hannun mawallafi sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba, ta kuma ware ayyukan da aka yi wa gwamnati. Idan kika dubi yadda sauye-sauyen nan suke tafiya, za ki ga Ostareliya da Birtaniya da Kanada duk sun matsa ne zuwa ɓangaren mai kyamara. Ra'ayin da mutane da yawa suke riƙe da shi, cewa mai biya shi ne mai hoto, yana da asali, amma a wurare da dama doka ce da aka daɗe da sokewa.

Yanzu mu zo kan allon tallar, domin nan ne kuɗin yake. Rashin takarda bai bar ki hannu rabbana ba. Kotuna sun yarda cewa wanda ya ba da aiki ya biya, aka kuma miƙa masa aikin, yana da izinin amfani da shi ko da ba a rubuta ba, domin babu mai hankalin da zai biya kuɗin hoton kaya don ya ɓoye shi a aljihun tebur. Matsalar wannan izini na fahimtar juna ita ce faɗinsa bai wuce abin da ku biyu kuka sani ranar ciniki ba, kuma bai hana mai hoton bai wa wani irin wannan izini ba. Idan kin ce masa hotunan na shafin intanet ne da kafafen sada zumunta, to allon talla sabon amfani ne, kuma neman ƙarin kuɗin da ya yi al'adar sana'ar ce, ba haɗama ba ce. Idan kuwa kin ce masa kina son hotuna don tallata kayanki a ko'ina, ya amsa da "ba damuwa", to hujjarki tana da ƙarfi. Miƙa wa mujalla ya fi allon talla haɗari, saboda a nan kina ba wani na uku izinin da ke kanki ba ki da ikon bayarwa, kuma mujallar da ta san aikinta za ta tambaye ki takardar shaida kafin ta buga.

Saboda haka aikin farko da za ki yi yau shi ne ki koma kan saƙonnin da kuka yi musaya kafin ranar ɗaukar hoton, ki karanta su daga farko, ki adana su. Ki kuma juya rasit ɗin ki duba bayansa da ƙasansa. Na taɓa zama da wani mai kamfani da ya rantse cewa babu wani sharaɗi a tsakaninsa da mai hotonsa, ya ajiye mini takardar neman biya a kan tebur don ya nuna mini adadin kuɗin, sai na ga layi ɗaya da ƙananan haruffa a ƙarƙashin lambar asusun banki, yana cewa amfani a intanet kawai, na tsawon shekara ɗaya. Ya biya a kan wannan takarda ba tare da ya karanta ba, ya kuma riga ya buga hoton a jikin kwalaye dubbai. Tattaunawarmu ta koma daga wa ke da gaskiya zuwa nawa za a biya a rufe maganar.

Don ki ga nauyin kalmar "sau ɗaya" a lasisi, ki dubi abin da ya faru da Lynn Goldsmith. Ta ɗauki hoton mawaƙi Prince a 1981. A 1984 mujallar Vanity Fair ta biya dala 400 don wani mai zane ya yi amfani da hoton ya yi mata zane, da sharaɗin sau ɗaya tak. Mai zanen shi ne Andy Warhol, kuma bai tsaya a ɗaya ba, ya ƙara wasu goma sha biyar. Da Prince ya rasu a 2016, kamfanin da ya mallaki mujallar ya biya gidauniyar Warhol dala 10,000 ya sa ɗaya daga cikinsu a bangon wata fitowa ta musamman, Goldsmith ba ta sami ko kwabo ba, ba a ma ambaci sunanta ba. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ɓangarenta. Wani misalin da ya fi kusa da masu zaman kansu shi ne na Daniel Morel, wanda ya ɗauki hotunan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010 ya sa su a Twitter. Kamfanin dillancin labarai na AFP da kamfanin sayar da hotuna na Getty Images suka rarraba su ba da izininsa ba, kuma a 2013 masu taya alƙali hukunci a New York suka ba shi diyyar dala miliyan 1.2. Ganin hoto a fili a intanet, ko samunsa a cikin wayarki, ba izini ba ne.

Maganar ɗanyun fayiloli, waɗanda masu sana'ar ke kira RAW, gajeriya ce. In ba a sa su cikin ciniki ba, babu dokar da ta tilasta masa ya ba ki su. Masu hoto suna riƙe su ne saboda aiki ne da bai kammalu ba, kuma saboda su ne shaidarsu mafi ƙarfi idan aka yi jayayya kan wanda ya ɗauki hoton. Ko da ya ba ki su, haƙƙin mallakar bai biyo su ba. Ki sani kuma cewa Yarjejeniyar Berne ta ba mawallafi haƙƙin a jingina masa aikinsa da haƙƙin hana a ɓata shi ta yadda zai zubar masa da mutunci, kuma waɗannan suna nan ko bayan ya sayar da haƙƙin kuɗi. A Faransa ba a iya sarayar da su, a Birtaniya ana iya yafe su a rubuce. Yanke tambarinsa ko sauya launukan hoton ki bar sunansa a kai yana iya jawo ƙorafi ta wannan hanya.

Inda kike da ƙarfi shi ne kan hotonki da ya sa a shafinsa. Mallakar hoto ba ta ba mutum ikon yin duk abin da ya ga dama da fuskar wanda ke ciki. Birtaniya, a sashe na 85 na dokar 1988, ta ba wanda ya ba da aikin hoto don amfanin kansa ko na gidansa ikon hana a wallafa shi ko a nuna shi ga jama'a, ko da mai hoton ne ke da haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 ta ɗauki irin wannan hanya, ta ƙara wa mai ba da aikin izinin amfani da hoton a abin da ba na kasuwanci ba. Wannan kariya tana aiki ne a kan hoton gida, kuma naki na kasuwanci ne, saboda haka ba za ki dogara da ita kai tsaye ba. Amma akwai wasu dokokin. A Faransa haƙƙin mutum a kan siffarsa yana da ƙarfi ƙwarai, a jihohi da yawa na Amurka ba a yarda a yi talla da fuskar mutum ba da yardarsa ba, kuma a Tarayyar Turai hoton da ake gane mutum a cikinsa yana cikin bayanan sirri da dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta shafa. Wannan ne ya sa ƙwararrun masu hoto suke sa wanda suka ɗauka ya sa hannu a takardar amincewa. Mai hotonki ba shi da irin wannan takarda daga gare ki, kamar yadda ke ma ba ki da takardar sallama daga gare shi, kuma kowannenku yana riƙe da abin da ɗayan ke so.

Shawarata ita ce kada ki fara da barazanar kotu, kuma kada ki nace kan sayen haƙƙin mallakar gaba ɗaya sai in kina da dalili. Lasisi kamar haya yake, sallama kuma kamar sayarwa, kuma mai hoton da ya san darajar aikinsa zai sa wa sayarwa farashin da ya ninka na hayar sau da yawa, tun da yana rabuwa ne da duk abin da hoton zai kawo masa nan gaba. Wannan nan gaban kuwa mai tsawo ne: a Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya kariyar tana ɗaukar tsawon rayuwar mai hoton da ƙarin shekaru 70 bayan rasuwarsa. Yawancin masu kasuwanci ba wannan suke buƙata ba. Abin da suke buƙata shi ne lasisi mai faɗi da ya ambaci inda za a yi amfani da hoton, a waɗanne ƙasashe, na tsawon wane lokaci, ko za a iya gyara shi, ko za a iya miƙa shi ga jarida ko dillali, da kuma alƙawarin cewa ba zai sayar wa abokin hamayyarki ba. Idan hoton zai zama tambarin kamfani ko ya zauna a jikin kwalin kaya shekaru da yawa, a nan ne sayen haƙƙin baki ɗaya yake da ma'ana.

Duk wanda kika zaɓa, a rubuta shi. Dokokin Amurka da Birtaniya da Nijeriya duk sun ce sallama haƙƙin mallaka ko ba da lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya ba ya inganta sai a rubuce, kuma a Amurka da Birtaniya sai da sa hannun mai bayarwa. Cewa "na bar miki" da baki ba ya mayar da mallaka. Ki kuma tambaye shi ko shi da kansa ya ɗauki dukkan hotunan talatin, domin masu hoto kan zo da mataimaki mai kyamara ta biyu, kuma idan mataimakin shi ma mai zaman kansa ne wanda bai sa hannu a komai ba, to hotunan da ya ɗauka nasa ne, maigidansa ba zai iya sallama miki abin da bai mallaka ba.

A halin da kike ciki, ki rubuta masa saƙo mai laushi, ki lissafa hotunan da kike so da lambobinsu, ki faɗi girman allon da tsawon lokacin da zai yi a tsaye, ki ambaci sunan mujallar, ki nemi farashi ɗaya na duka. A cikin saƙon ki gaya masa cewa ba ki taɓa ba shi izinin talla da fuskarki ba, kuma kina iya barin hoton a shafinsa, tare da na kayan, idan hakan ya shiga cikin lissafin. Ki dakatar da mai buga allon har takardar ta zo da sa hannunsa da kwanan wata, domin farashin izini kafin a kafa allo daban yake da farashinsa bayan an kafa.